Sharhi: Daidaita kalar allon kwamfuta da ido, da abin da masu ba da shawarar suka manta game da shagunan Dutse

Akwai wata rigima da ba ta ƙarewa tsakanin masu zane a kwamfuta da masu kawo musu aiki. Mutum ya zaɓi ruwan hanta don katin ɗaurin aure, ya duba a allon mai zane, ya ce ya yi. An tura wa mai bugawa, a nasa allon kalar ta koma ja zur. Da aka buga, sai ga ta ta fito ruwan ƙasa. Kowa cikin ukun zai iya rantsuwa a kan abin da ya gani, kuma babu wanda ya yi ƙarya. A gari kamar Dutse, inda ma'aikatun gwamnati, ɗaliban Jami'ar Tarayya, 'yan siyasa da masu biki ke ba shagunan kwamfuta aiki kullum, maganar ta kuɗi ce. Idan kati 500 ko katuwar bana ta fito da kalar da ba ita aka yi ciniki a kai ba, dole wani ya ɗauki asarar, kuma galibi mai ƙaramin shago ne.

Wanda ya nemi mafita a intanet zai tarar da shawarwari iri uku suna yawo a bidiyoyi da rubuce-rubuce. Ta farko ta ce ka jera allunan biyu, ka buɗe farin shafi a kowanne, ka yi ta juya saiti har idonka ya ga sun zama ɗaya. Ta biyu ta ce ka kwafi lambobin saitin da wani gwani ya wallafa. Ta uku ta ce ka sayi na'urar awon launi ka huta. Mun auna ukun da abin da kimiyyar launi ta tabbatar, da kuma yanayin da ake aiki a cikinsa a nan. Hukuncinmu shi ne: ta farko ta ɓata hanya tun daga tushe, ta biyu caca ce, ta uku kuma gaskiya ce amma rabinta aka faɗa.

Lambar da ke cikin fayil ba ita ce kalar ba

Allon kwamfuta cike yake da ƙananan ɗigo, kowane ɗigo kuma yana da fitilu uku: ja, kore da shuɗi. A yawancin hotuna, ƙarfin kowace fitila lamba ce daga 0 zuwa 255. Idan aka haɗa ukun ana samun gauraye 16,777,216. Ruwan hantar nan ta katin biki, a cikin fayil, tana iya zama ja 128, kore 0, shuɗi 32. Iyakar abin da fayil ɗin ya sani ke nan.

To amma 128 na wane ja? Lambar umarni ce kawai ga allo cewa ya kunna jar fitilarsa zuwa wani mataki. Jan wannan allo daban, jan wancan daban, saboda hasken da ke bayansu da matatun launin da ke gabansu ba iri ɗaya ba ne. Kamar a ce wa mata biyu kowacce ta zuba cokali 2 na yaji, alhali cokulansu ba girma ɗaya ba, yajin ma ba daka ɗaya ba.

A wannan fannin sunayen launi na Hausa sun fi lambar tsaro. Idan aka ce ruwan goro, ruwan ɗorawa, ruwan toka ko ruwan ƙwai, an jingina kalar da wani abu da kowa zai iya ɗaukowa ya duba. Lambar kwamfuta ba ta jingina da komai ba sai an faɗi ma'aunin da take bi. Wannan giɓin ne ya sa kamfanonin HP da Microsoft suka fito da ma'aunin sRGB a 1996, hukumar IEC ta amince da shi a 1999. Shi ne ya ƙayyade ainihin jan, koren da shuɗin da lambobin ke nufi, kuma har yau shi ne ma'aunin yawancin hotunan intanet.

Shawara ta farko: a daidaita da ido

Babban aibin wannan shawara shi ne ta mayar da allo ɗaya alƙalin ɗaya. A kasuwar hatsi ta Shuwarin, idan masu awo biyu suka gwada kwanonsu suka ga sun zo daidai, hakan bai nuna awonsu ya cika ba, don mai yiwuwa duka biyun sun gaza tiya. Haka allo biyu da aka daidaita da juna. Za su iya yarda da juna su kuma saɓa wa firinta, su saɓa wa wayar mai aiki, su saɓa wa allon abokin aiki da ke Kano.

Aibi na biyu yana cikin idon kansa. Ƙwaƙwalwa tana gyara abin da ido ya gani gwargwadon hasken da ke wurin. Shi ya sa farar shadda take fara da rana, take kuma fara a ƙarƙashin fitila mai ruwan ɗorawa, alhali hasken da ke tasowa daga jikinta ya bambanta sosai. Wannan baiwa ce a rayuwar yau da kullum, amma ita ce ke hana ido zama ma'auni. Ka kalli allo mai ɗan shuɗi-shuɗi na minti biyu, zai zame maka fari sol, na kusa da shi kuma ya koma maka kamar ya yi tsatsa. Ka juya ka daɗe a kan na biyun, hukuncin zai juye. Masu amfani da intanet sun ga misalin haka a Fabrairun 2015, lokacin da hoton wata riga ya raba kan duniya, wasu na ganin shuɗi da baƙi, wasu na ganin fari da ruwan zinare, a kan hoto guda.

Aibi na uku: farin shafi mataki ɗaya ne kawai cikin 256. Ko ka dace farin ya zo ɗaya, ruwan tokan tsakiya na iya karkata zuwa kore a allo ɗaya, zuwa ruwan hoda a ɗayan. Kuma a tsakiyar nan da ɓangaren duhu ne kalar fatarmu take. Shi ya sa ake ganin fastar da fuskar ɗan takara ta fito kamar an shafa mata toka, ko amarya ta yi jawur, duk da cewa farin rubutun ya fito tsaf.

Akwai kuma abin da juya saiti ba ya gyarawa. Yawancin tsofaffin alluna na hannu da ƙananan kwamfutocin cinya masu araha suna da allo nau'in TN, wanda kalarsa ke sauyawa da zarar ka ɗaga kai ko ka sunkuya. Mai zane yana zaune, mai aiki yana tsaye a bayansa, allo ɗaya suke kallo amma ba kala ɗaya suke gani ba. Nau'in IPS ya fi riƙe kala ta kowace kusurwa. Sannan tsofaffin allunan da ke da fitilar bututu a bayansu suna dusashewa, farinsu na komawa rawaya-rawaya da shekaru. Idan aka jera irin wannan da sabon allo mai fitilar LED, abin da kawai za a iya yi shi ne a rage wa mai kyan ƙarfi har ya sauko matsayin tsohon.

Don adalci, ido yana da amfaninsa. Yana iya gane ko allo ya cika haske, ko baƙi ya cinye abin da ke cikin inuwa, ko fari ya wanke abin da ke cikin haske. Manhajar daidaita launi da ke cikin Windows tun daga Windows 7 tana taimakawa a wannan matakin, kuma kyauta ce. Matsalar masu bidiyon ita ce suna sayar da wannan ɗan gyaran a matsayin cikakken magani.

Shawara ta biyu: a kwafi saitin wani

Wannan ba ta buƙatar dogon bayani. Alluna biyu na kamfani ɗaya, samfuri ɗaya, suna fitowa daga masana'anta da ɗan bambanci, kuma bambancin yana ƙaruwa da yawan awannin da kowanne ya yi a kunne. Lambobin da wani ya samu a sabon allonsa a Jamus ba su san tarihin naka ba, wanda wataƙila ya yi shekaru a wani ofis kafin ya iso kasuwar kayan hannu. Wani lokaci kwafin yana rage kuskure, wani lokaci yana ƙara shi, kuma ba ka da hanyar sanin wanne ya same ka.

Shawara ta uku: a sayi na'ura

A nan ne kimiyya take. Na'urar awon launi, irin su Spyder na kamfanin Datacolor ko waɗanda Calibrite ke sayarwa, ana rataya ta a fuskar allo. Manhaja tana nuna mata launuka ɗaya bayan ɗaya, ita kuma tana auna abin da ya fito a zahiri. Daga nan ake gyara allon zuwa wani ma'auni na waje, a kuma rubuta wani ɗan fayil da ke bayyana halin allon, wato furofayil na ICC. Sunan ya samo asali daga ƙungiyar da Adobe, Apple, Kodak, Microsoft da wasu kamfanoni suka kafa a 1993 don na'urori su riƙa fahimtar juna a kan launi. Idan aka kai kowane allo ga ma'auni guda, sai su zo kusa da juna ba tare da an gwada su da juna ba. Wannan ita ce hanyar da ta dace, kuma akwai manhajar kyauta, DisplayCAL, da ke aiki da yawancin na'urorin.

Ko a nan ma akwai iyaka. Na'urar tana auna launi ne da ma'aunin matsakaicin idon ɗan Adam da hukumar CIE ta tsayar a 1931, wanda aka gina a kan gwaje-gwajen William David Wright da John Guild a Ingila da mutum 17 kacal. Ma'aunin ya yi aiki mai ban mamaki kusan shekara ɗari, amma idanun mutane sun ɗan bambanta, kuma ƙwayar ido tana yin rawaya da tsufa. Shi ya sa alluna biyu masu fitila daban-daban za su iya zuwa daidai a awon na'ura, amma dattijo da matashi su yi gardama a kan wanne ya fi fari.

Babban abin da masu tallar na'ura ba sa faɗa shi ne ɗakin. Ma'aunin sRGB an rubuta shi ne a zamanin alluna masu ƙoƙon baya, kuma ya ɗauka ana kallon allon a ɗaki mai haske laks 64, allon kuma yana ba da haske nit 80. Laks 64 ɗaki ne mai duhu-duhu. Ofis na yau da kullum yakan kai laks 300 zuwa 500. Rana tsaka a fili tana kaiwa wajen laks 100,000. Yanzu ka tuna shagon kwamfuta a titin Hakimi ko a kasuwar zamani ta Dutse: ƙofa a buɗe saboda zafi da kuma don masu wucewa su gani, allo yana fuskantar titi, haske yana shigowa kai tsaye. Hasken nan yana faɗa wa fuskar allon ya dawo ido, sai baƙi ya koma ruwan toka, launuka su yi sanyi. Mai zane sai ya ƙure hasken allo don ya gani. Sabbin alluna da yawa suna kaiwa nit 250 zuwa 300. A irin wannan hasken hoto mai duhu yana bayyana kamar lafiyarsa ƙalau, sai an buga a takarda a ga ya fito baƙi ƙirin. Yawancin kukan da ake yi cewa firinta ta duhunta aiki, asalinsa allo ne da ya cika haske.

Kuma hasken shagon ba ya tsayawa wuri ɗaya. Na safe daban, na azahar daban, na la'asar ja-ja ne. Lokacin hunturu hazo yana sauya launin hasken rana, ƙura kuma tana kwanciya a fuskar allo. Da dare a kunna ƙwan LED, wani fari mai shuɗi-shuɗi, wani mai ruwan ɗorawa, ya danganta da wanda aka samu a kanti. Idan bangon shagon kore ne ko shuɗi, shi ma yana zuba nasa a kan takardar da ake dubawa. Ga kuma wani abu da ya shafe mu fiye da waɗanda suka rubuta shawarwarin: da zarar an ɗauke wuta, kwamfutar cinya tana komawa kan batir, ta rage hasken allo da kanta, wasu ma har su sauya yadda suke nuna duhu da haske don tattalin caji. Aikin da aka fara da wuta aka ƙarasa a kan batir, tamkar an yi shi a alluna biyu ne. Na'urar dala 100 da ɗoriya ba ta san da ko ɗaya cikin waɗannan ba bayan an cire ta an mayar cikin kwali.

Takarda da waya ba sa bin umarnin allonka

Ko allo ya daidaita tsaf, takarda wata duniya ce. Allo yana fitar da haske ne, takarda kuwa tana mayar da wanda ya faɗo mata. Injin bugawa yana haɗa tawada huɗu, shuɗi mai haske, ja mai ruwan hoda, rawaya da baƙi, kuma akwai launukan da allo ke nunawa waɗanda tawadar ba za ta iya kaiwa gare su ba, musamman shuɗi mai ƙyalli da kore shar. Wanda ya zaɓi irin waɗannan a CorelDRAW ko Photoshop bai duba yadda za su koma a tawada ba, ya sayi rigima da kuɗinsa. Farin takarda ma ya bambanta da na ledar bana, ya bambanta da na kati mai sheƙi. Saboda haka ne masana'antar ɗab'i take da nata ma'aunin, ISO 3664, wanda ya ce a duba abin da aka buga a ƙarƙashin haske mai suna D50, wajen Kelbin 5,000, alhali farin sRGB D65 ne, wajen Kelbin 6,500, wanda ya fi karkata zuwa shuɗi.

Waya kuma ita ce ta fi kowa taurin kai. Yawancin masu aiki yanzu a WhatsApp suke amincewa da zane. Manhajar tana matse hoton, wayar kuma tana iya kasancewa a saitin da ke ƙara wa launi armashi, ko a saitin kare ido da ke mayar da allo rawaya da dare. Wayoyin iPhone tun daga 2016 suna iya nuna launuka masu faɗi fiye da sRGB, haka ma wayoyin Android da dama. Irin wannan ce ke haddasa faɗan anko: an ga atamfa ko leshi a hoton da ɗan kasuwar Kantin Kwari ya turo, an tara kuɗi an aika, kaya sun iso Dutse, kowa ya ce ba wannan ya gani ba.

Inda abin ya wuce katin biki

A asibiti maganar ta fi nauyi. Hoton ƙirji da ake karantawa a allo, bambancin toka-toka kaɗan ne ke nuna cuta. Don haka ma'aunin DICOM, wanda hotunan asibiti ke bi a duniya, ya ware sashe na 14 kacokan don yadda allo zai nuna matakan toka. Wannan ya shafi duk asibitin da ke karanta hoto a kwamfuta, daga babba irin na Rasheed Shekoni har ƙaramin asibitin kuɗi. Hoton da aka ɗauka da waya daga jikin wani allo aka tura wa likita na iya taimakawa wajen neman shawarar gaggawa, amma bai kai a yanke hukunci da shi kaɗai ba.

Masu binciken noma sun daɗe da gano bakin zaren. Masanin ƙasa yana tafiya gona da littafin launuka na Munsell, ya ɗora ɓarɓashin ƙasa kusa da launin da aka buga. Cibiyar binciken shinkafa ta duniya, IRRI, ta yaɗa wani ɗan faifan roba mai matakan kore da manomi ke karawa a jikin ganye don sanin ko shinkafa na buƙatar taki. Ɗalibin da ya ɗauki hoton ganye ko ƙasa da waya ya ce zai fitar da sakamako daga kalar da ya gani a allo, ba tare da ya sa wani sanannen launi a cikin hoton ba, awonsa ba shi da madogara.

Abin da ya kamata shawarar ta ce

Telolinmu da masu sayar da yadi sun riga masu bidiyon sanin ka'idar. Tela ba ya sayen zaren aiki da ka. Yana yankar ƙyalle ya tafi da shi, ya kara zaren a jikinsa, idan shagon da duhu ya fito da su waje ya duba. Abin gwaji ɗaya, haske ɗaya, ana kallon su tare. Wannan ce ka'idar da ya kamata a kai shagon kwamfuta, kuma yawancinta ba ta cin ko sisi.

A fara da ɗaki. A juya allo ya daina fuskantar ƙofa ko taga, a yi masa rumfa da baƙin kwali ta sama da gefe, a sa ƙwan fitila iri ɗaya a duk shagon, a goge ƙura da tsumma mai laushi. A kashe saitin kare ido da na rage haske da kansa, a tsayar da haske ɗaya ko da wuta ko a batir. Idan allon yana da saitin sRGB a zaɓe shi, a rage haske har farin shafi ya yi kusa da farar takarda da aka riƙe a gefensa. Masu aikin ɗab'i sukan tsaya wajen nit 100 zuwa 120. A bar allo ya yi kamar minti 30 a kunne kafin a yanke hukunci a kan kala. A shagon da ke da alluna da yawa, a ware mafi kyau ɗaya ya zama na duba kala, sauran a bar su ga rubutu da lissafi.

Sai abu mafi muhimmanci, wato ƙyallen tela na mai zane. A tsara shafi ɗaya mai ɗauke da launukan da aka fi nema, kowanne da lambarsa a ƙasa, a buga shi a injin da ake kai wa aiki, a kan irin takardar ko ledar da ake amfani da ita. Mai aiki ya zaɓi kalarsa daga wannan shafin, ya sa hannu. Idan aikin babba ne a buga gwaji ɗaya kafin a saki sauran. Mai sayar da yadi ta waya kuma ya ɗauki hoto a inuwa da rana, da farar takarda a gefe, ya faɗi sunan kamfani da lambar zanen, idan anko ne a aiko da ƙyalle tukuna.

Na'urar kuwa tana da wurinta, sai dai ba lallai kowa ya mallaki tasa ba. Aikinta mintuna ne, kuma sau ɗaya a wata ko wata biyu ya isa. Shaguna goma za su iya yin karo-karo su sayi guda ta riƙa zagayawa, kamar yadda ake adashi. Sashen kimiyyar kwamfuta ko na fiziks a Jami'ar Tarayya ta Dutse zai iya ajiye ɗaya, ɗalibai su koyi awo da ita, su kuma yi wa shagunan gari hidima. Amma a jera abubuwan yadda suka dace: a gyara hasken ɗaki, a buga shafin gwaji, sannan a nemi na'ura. Wanda ya fara da sayen na'ura ya bar allonsa yana kallon titi, zai kashe kuɗinsa kuma katin bikin ya sake fitowa ruwan ƙasa.